Yadda ake shuka tafarnuwa a Kaduna: a bokiti ko a fili?

Da ruwan sama ya fara janyewa a watan Oktoba, masu ɗan lambu a cikin gida sukan yi tambaya iri ɗaya: a fara tafarnuwa a bokiti ko tukunya, in ta yi ganye a dasa ta a ƙasa, ko a binne ta kai tsaye a inda za ta zauna? Daga albasa wannan tunani ya samo asali. Albasa ana rainonta, a tuge a dasa, ta kama ta yi kyau, sai a ɗauka 'yar'uwarta ma haka take. To ba haka ba ne. Tafarnuwa ba ta son dashe. Saiwoyinta farare ne masu taushi, ba su da rassa sosai, kuma dukkansu daga gindin sala, wato ƙwaya ɗaya da ake ɓallowa daga kan tafarnuwa, suke fitowa. Wadda ta tsinke sai shukar ta sake fitar da wata daga tushe, abin da zai ci kwanaki. Kwanakin nan kuwa su ne ba mu da su a Kaduna, domin sanyinmu gajere ne.

Saboda haka zaɓin gaskiya biyu ne: ta zauna a mazubi daga shuka har girbi, ko ta zauna a fili daga shuka har girbi. Akwai hanya ta uku, ta raino a leda, amma sai da dalili, kuma za mu zo kanta.

Lokacin shuka

Tafarnuwa shukar hunturu ce. Da sanyi take tara ganye, kuma sanyin ne yake sa sala ɗaya ta rarrabu ta zama kai mai sala da yawa. Da zarar zafi ya shigo sai ta daina fitar da sabon ganye, ta koma cika kai da abin da ta tara. Ke nan girman kan da za ka tono ya danganta da yawan ganyen da ta yi kafin zafi ya riske ta. Shi ya sa manoman rani na Kano, Sakkwato, Kebbi, Jigawa da yankin Zariya suke shuka ta da kaka, su kwashe kafin bazara ta kankama.

A garin Kaduna da kewaye, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Irin gida yakan ɗauki wata 4 zuwa 5, wanda aka shuka a farkon Nuwamba zai nuna a cikin Maris. Ƙarshen Nuwamba an ɗan makara, amma ba za a tashi hannu rabbana ba. Wanda ya kai Disamba kuwa, shukarsa za ta haɗu da zafin Maris tana ƙarama, lokacin da rana takan haura digiri 35, abin da zai samu ƙananan kawuna ne ko dunƙule guda mara sala. A Zariya, Makarfi, Ikara da Soba, inda ruwa yake ɗaukewa da wuri kuma ɗari ya fi tsanani, ana iya farawa daga tsakiyar Oktoba. A Kafanchan da Kachiya ruwa yakan ja lokaci, sai a jira ƙasa ta tsane.

Wannan lissafi bai bar bokiti a baya ba. Wasu suna ɗauka tunda a cikin gida take, kowane wata ana iya shukawa. Ganye dai za a samu ko da damina, kuma yana da daɗi a miya kamar lawashi, amma kai sai an bi hunturu.

Zaɓen iri

A nan mutane da yawa suke faɗuwa tun kafin su taɓa ƙasa. Idan ka shiga kasuwar Bakin Dogo, ko ta Kawo, ko Kasuwar Barci, za ka ga tafarnuwa iri biyu. Akwai babba, fara tas, mai manyan sala, wadda ake shigowa da ita daga waje, galibi daga ƙasar Sin. Akwai kuma ta gida, ƙarama, ɓawonta da ratsin ja-ja, mai ƙarfin wari. Ido kan babbar yake faɗawa, amma kallon kitse ne ake yi wa rogo. Ta saba da sanyin da ya fi namu tsawo da tsanani, ta daɗe a hanya da ma'ajiya, wata ma an yi mata abin da zai hana ta tsiro. In ta fito, sau da yawa ganye take yi ta tsaya. Ta gida kuwa ta saba da gajeren hunturunmu. Ita za ka saya, kuma ka tambayi mai sayarwa ko ta girbin ranin da ya wuce ce, domin sabuwar tonowa ba ta tsiro da wuri sai ta huta wasu watanni. Wadda aka girbe a Maris, kafin Oktoba ta shirya.

Wanda ya nace sai ya gwada babbar, ya sa ta a takarda ya ajiye a ƙasan firji, wajen kayan miya, ba gidan ƙanƙara ba, na mako 4 zuwa 6 kafin shuka. Da wutar da take zuwa ta tafi, wannan dabara ba kullum take ci ba, kada ka ɗora duk lambunka a kanta.

Zaɓi kawuna masu tauri da nauyi a hannu. Wanda ya loɓa da ka matsa, ko gindinsa ya yi baƙi, ko yana da ƙura-ƙura kamar toka a ƙarƙashin ɓawo, ajiye shi. Kwana 10 kafin ranar shuka, ɓalli sala 10 ka binne a yashi mai danshi. Idan 8 sun fitar da saiwa, irin yana da kyau. Idan ba su kai 5 ba, koma kasuwa.

Kada a farfasa kawunan sai ana gobe za a shuka, ko ranar ma. Salar da aka raba ta daɗe a iskar hunturu bushewa take yi. A raba da hannu, ba da wuƙa ba, a bar wa kowace sala ɓawonta, kuma a kula da ɗan faifan da yake gindinta, daga nan saiwa take fita. Manyan sala na gefen waje su ne iri. Siraran nan na tsakiya a kai su kicin, babbar sala ce take ba da babban kai.

Idan a fili za ka shuka

Nemi wurin da rana take bugawa aƙalla awa 6, ba ƙarƙashin mangwaro ko jikin katangar da take tare hantsi ba. Kada ya zama inda aka yi albasa ko tafarnuwa a shekara 3 da suka wuce, cutarsu ɗaya ce kuma a ƙasa take kwana.

Ka fara sanin irin ƙasarka. Ɗebi danƙi ɗaya mai danshi ka dunƙule. Idan ta watse da ka buɗe hannu, yashi ya yi yawa, za ta sha taki da ruwa. Idan ta dunƙule amma ta farfashe da ka taɓa da yatsa, ita ake nema. Idan ta manne kamar ta ginin tukunya, laka ce, irin ta bakin Kogin Kaduna da sauran fadamu. A unguwanni da yawa na cikin gari kuma jar ƙasa ce mai tsakuwa da marmara, wadda take ƙanƙarewa kamar siminti da rani. Tafarnuwa a cikin ƙasa take kumbura, in ƙasar ta matse ta, kai ba ya girma, wani ma ya karkace.

Siffar wurin shuka ta danganta da wannan. A ƙasa mai yashi komi ake yi, a ɗaga bakinsa ya riƙe ruwa, yadda masu lambu suke yi wa albasa. A laka akasin haka: a tayar da ƙasar sama kamar santimita 15, a bar kwari a gefe, ruwa ya riƙa tsiyayewa. Wanda ya yi komi mai zurfi a laka ya gina wa tafarnuwarsa kabari. Faɗin kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba.

A kafce da fartanya zurfin santimita 20 zuwa 25, a farfasa dunƙulen ƙasa, a tsince duwatsu da saiwar aya-aya. A kowace murabba'in mita a zuba kilo 2 na ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki. Idan kashin kaji ne, wanda ba ya wuyar samu a Kaduna saboda gidajen kaji, rabin haka ya isa, kuma lallai ya kasance ya ruɓe: ya yi duhu, ba ya wari mai hawa kai, ba ya zafi in ka cusa hannu. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. A ƙara takin zamani NPK 15:15:15 kimanin giram 40 a murabba'in mita, wato cokalin cin abinci 3 ba tuli. A cakuɗa da ƙasa, a ba da ruwa, a bar wurin kwana 3 zuwa mako ɗaya ya kwanta.

Ranar shuka a ja layuka, tsakanin layi da layi santimita 15, tsakanin sala da sala santimita 10, kusan faɗin tafin hannu. A huda rami da tsinke ko yatsa, a sa salar a tsaye, tsininta sama, gindinta ƙasa, ƙasar da za ta rufe tsinin ta kai santimita 2 zuwa 3. A yashi ana iya ɗan ƙara zurfi, a laka a rage. Kada a danna salar da ƙarfi cikin ƙasa mai tauri, faifan gindin zai ji ciwo. Wadda aka kifa za ta fito, amma sai ta zagayo, ta ɓata ƙarfi, wuyanta ya lanƙwashe. Mai sauri da yara masu taya aiki su ne suke yawan yin wannan kuskure, a nuna musu sau ɗaya kafin a sake musu.

Komi mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai ɗauki layi 6, kowane layi sala 30, jimla 180. Idan kowane kai ya ba ka manyan sala 8, kawuna 23 zuwa 25 za ka saya.

Bayan shuka a ba da ruwa a hankali, sannan a rufe da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa mara 'ya'ya, kaurin yatsa biyu. Wannan rufi yana hana iskar hunturu shanye danshi, yana sanyaya ƙasa, yana danne ciyawa. Aibinsa ɗaya, gara. Inda aka san akwai gara, a yi rufin shara-shara, a riƙa ɗagawa ana dubawa. Tsiro yakan leƙo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Gurbin da bai fito ba bayan kwana 15, a tona a gani, a maye da wata nan take.

Idan a mazubi za ka shuka

Mai zaman haya a Tudun Wada ko Rigasa, wanda tsakar gidansa siminti ce, ko uwargidan da kaji da awaki ba sa bar mata komai a ƙasa, mazubi ne mafitarsu. Haka wanda ƙasar gidansa marmara ce zalla. Amfanin mazubi shi ne kai za ka haɗa ƙasar da hannunka, babu aya-aya, babu tsohuwar cuta, kuma kana iya ɗauke shi daga wuri zuwa wuri.

Zurfi shi ne sharaɗi na farko: kada ya gaza santimita 25. Bokitin fenti mai lita 20, jarkar da aka yanke samanta, buhun taki da aka naɗe bakinsa, babbar tukunyar ƙasa, duk suna yi. Bokitin fenti a wanke shi sosai, jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man inji a bar ta. Gwangwanin madara da ƙananan robobin furanni ɓata iri ne. A cikin duka, tukunyar ƙasa ta fi, domin tana numfashi tana sanyaya saiwa kamar yadda randa take sanyaya ruwa, sai dai ta fi saurin bushewa. Baƙar roba ita ce mafi muni: rana tana dafa gefenta, saiwar da take jikin bango ta ƙone. In ita kake da ita, naɗe ta da tsohon buhu ko kwali, ko ka jera bokitan a manne su yi wa juna inuwa.

A huda gindi da ƙusa mai zafi, huda 6 zuwa 8, kowace faɗin fensir. A ɗora mazubin a kan bulo biyu ko duwatsu. Wannan yana barin ruwa ya fita, yana kuma raba shi da zafin siminti, wanda da rana tsaka yake gasa gindin bokiti ko da hunturu ne. Kada a jingina shi da katangar kwano.

Haɗin ƙasa: kashi 2 na ƙasar saman gona mai duhu, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, kashi 1 na yashin rafi mai gautsi. Idan akwai buntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba, yana iya maye rabin yashin, mazubin ma zai fi sauƙin ɗauka. Kada a cika bokiti da jar ƙasar tsakar gida ita kaɗai, bayan ban ruwa na uku za ta zama bulo. Kada kuma a ɗebo ƙasar bakin kwata ko juji. A cika a bar santimita 3 a sama, a zuba cokalin shayi 1 na NPK a cakuɗa da saman ƙasar, a jiƙa, a bari ta kwana biyu.

Bokiti mai faɗin santimita 30 sala 5 ko 6 yake ɗauka: ɗaya a tsakiya, sauran a kewaye, a bar santimita 5 tsakaninsu da bango. Babban baho mai faɗin santimita 50, in yana da zurfi, zai ɗauki 12 zuwa 15. Kwaɗayin cusa 12 a bokiti ɗaya shi ne yake haifar da ƙananan kawuna. Zurfi da tsayuwar sala daidai suke da na fili, rufin buntu ma haka.

Yanzu ga lissafin da ya kamata mutum ya yi kafin ya yanke shawara. Komi ɗaya na mita 3 yana ɗaukar 180. Kafin ka sami wannan adadi a bokiti sai ka jera 30, kowanne da ƙasarsa da ban ruwansa na kusan kullum. Kuma ko an yi komai daidai, kan bokiti yakan ɗan gaza na fili, saboda ƙasar mazubi tana saurin ɗumi tana saurin bushewa, tafarnuwa kuwa da ta ji ɗumi a gindinta sai ta ɗauka bazara ta zo. Ra'ayinmu a fili yake: wanda yake da ƙasa mai kyau da ruwa kusa, ya shuka a fili. Bokiti na wanda ba shi da wannan ne, ko mai son abin miyar gida kawai, bokiti 5 zuwa 8 sun ishe shi.

Ruwa, taki da ciyawa

Saiwar tafarnuwa ba ta nisa, yawancinta a taƙi ɗaya na sama take. Ba ta iya bin ruwa ƙasa kamar tumatir, ba ta kuma jure kwana cikin ruwa. Abin da take so danshi ne mara yankewa.

A fili, komin nan na mita 3 zai sha jarka 2 ta lita 25 duk bayan kwana 3 ko 4 idan ƙasar mai yashi ce. Ƙasa mai riƙe ruwa takan kai kwana 5 zuwa 7. A bokiti kuwa, a tsakiyar hunturu kusan kullum ne ko bayan kwana ɗaya, lita 1 zuwa 2, har ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa. Amma kada ka bi kalanda, bi yatsa: cusa shi gaɓa biyu, in ka ji danshi ka bari sai gobe. Hunturu yana da yaudara, sama ta bushe ƙayau alhali ciki jagab yake, musamman a bokitin roba. Akwai yaudara ta biyu: idan ƙasar bokiti ta bushe ƙwarai takan janye daga bango, ruwan da ka zuba ya bi ta gefe ya fice, ka ɗauka ta sha. In haka ta faru, a zuba kaɗan-kaɗan sau uku, ana ba da tazarar mintuna. Da safe ake ban ruwa, a gindi, ba a kan ganye ba. Ruwan wanki da na wanke-wanke kada ya je wurin.

Ƙarin taki sau biyu ake yi a fili: mako 3 zuwa 4 bayan shuka, sai kuma mako 6 zuwa 7. Kowane karo giram 10 na takin zamani yuriya a murabba'in mita, kusan cokalin cin abinci 1, a ja ɗan layi tsakanin shuke-shuken a barbaɗa, a rufe, a ba da ruwa nan take. Yuriyar da aka bari a sarari iska take bi, wadda ta taɓa wuyan shuka kuma ƙonawa take. A bokiti ban ruwa yana wanke taki, don haka kaɗan-kaɗan ake ba shi: rabin cokalin shayi na yuriya a lita 5 na ruwa, a raba wa bokiti 3 ko 4, duk mako biyu. Daga mako na 8, wato wajen farkon Janairu ga wanda ya shuka a farkon Nuwamba, a tsayar da yuriya gaba ɗaya. Wanda ya ci gaba zai ga ganye kore shar ya yi murna, amma wuya zai yi kauri, salar cikin ƙasa su fara tsiro tun ba a tono su ba, kuma kan ba zai ajiyu ba.

Ciyawa da hannu ake cirewa, tana ƙarama. Ganyen tafarnuwa siriri ne a tsaye, ba ya rufe ƙasa, don haka ciyawa tana cin galaba a kansa da sauƙi, fartanya kuma tana yanke saiwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: shukar da ta kai ganye 7 ko 8 da wuya mai kaurin fensir a ƙarshen Janairu za ta ba da kai mai kyau. Kada a riƙa tsinkar ganyenta don miya, kowane ganye abincin kai ne. Mai son ganye ya keɓe bokiti ɗaya ya cusa siraran salar nan na tsakiya.

Raino a leda, in ya zama dole

Dalilin da zai sa a yi haka ɗaya ne ko biyu: lokacin shuka ya yi amma fadama ba ta tsane ba, ko amfanin damina bai bar wurin ba tukuna. A nan gara a fara a leda da a rasa mako uku na sanyi. A sami ledar rainon itatuwa mai zurfin santimita 12 zuwa 15, a huda gindinta, a cika da haɗin ƙasar mazubi, sala ɗaya a kowace leda. Kada a tara su a baho ɗaya da niyyar tugewa kamar albasa, saiwoyin za su sarƙe. A dasa cikin mako 3, tana da ganye 2 ko 3, kafin saiwa ta fara zagaye ledar. A ba ta ruwa ana gobe, a haƙa rami daidai girman ledar, a tsaga ledar da reza, a saka dunƙulen ƙasar gaba ɗaya ba tare da ya fashe ba, zurfinsa daidai da yadda yake a da. Da yamma ake yi, a bi da ruwa. Wadda ta wuce wata ɗaya a leda, a mayar da ita bokiti kawai, ita ma da ƙasarta.

Abin da yake lalacewa, da dalilinsa

Ruwa ba ya tsami banza. Idan bakin ganye kawai ya bushe a Disamba, galibi iskar hunturu ce ko an bar ƙasa ta bushe, ba abin tashin hankali ba ne. Idan tsofaffin ganye na ƙasa suka yi ɗorawa gaba ɗaya tun shuka tana ƙarama, yunwar taki ce, an fi ganinta a bokiti. Idan kuwa shukar ta yi ɗorawa ta langaɓe alhali ƙasa a jiƙe take, tuge ɗaya ka duba: gindi mai laushi, saiwa ruwan ƙasa, wari, ruɓa ce daga yawan ruwa ko iri mai cuta. Ba ta da magani. A cire masu ciwon da ƙasar gindinsu a kai nesa, a rage ruwa, a duba ko hudar bokiti ta toshe.

Babban maƙiyi a ƙarshen Janairu zuwa Maris wasu ƙananan ƙwari ne, sirara kamar tsinin allura, masu ɓuya a matsematsin ganye wajen wuya, waɗanda masu albasa suka sani sarai. Suna kankare ganye suna tsotsa, sai ka ga zane-zane fari mai ƙyalli kamar azurfa, daga baya ganyen ya murɗe ya bushe. Bushewa da zafi suke so. Buɗe wuyan shuka biyar duk mako ka duba. Da ka gan su, daka 'ya'yan darbejiya busassu giram 50, jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, tace da tsumma, ɗiga ɗan ruwan sabulu, ka fesa da yamma yadda zai shiga matsematsin. A maimaita duk mako, kuma sabo ake haɗawa kowane karo. Idan fili ne babba kuma abin ya fi ƙarfin darbejiya, a nemi malamin gona ya faɗi maganin da ya dace, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, musamman kwanakin da za a jira kafin girbi.

Tabo mai launin shunayya a ganye, mai zobe-zobe, cutar danshi ce, takan kama wanda yake watsa ruwa a kan ganye da yamma ko ya cunkushe shuka. A tsinke ganyen da ya kamu, a gyara ban ruwa. Kai guda mara sala, kamar ƙaramar albasa, alamar an makara ne ko irin bai sami sanyin da yake so ba. Ana cin sa, kuma in aka ajiye shi aka shuka da wuri a kaka mai zuwa yakan ba da kai mai kyau.

Girbi da ajiya

Idan rabin ganyen daga ƙasa ya bushe, saura 4 ko 5 kore a sama, tona ɗaya ka yanka a kwance. Idan salar sun rarrabu sun cika ɓawonsu, ta yi. A tsayar da ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin tonowa a fili. A bokiti kwana 5 zuwa 7 sun isa, domin ƙasarsa tana saurin bushewa, kuma a lokacin a janye shi inda rana ta la'asar ba ta dukansa. Kada a jira ganye ya bushe duka. Kowane koren ganye rigar ɓawo ɗaya ce a jikin kai, in duk suka mutu kan zai tsage a cikin ƙasa, salar su watse, ba za su jima a ajiye ba.

Ba a fizgo ta ta ganye. A soka fartanya ko ƙarfe daga gefe a ɗaga ƙasar, bokiti kuwa a kwantar da shi a zazzage. A kakkaɓe ƙasa da hannu, kada a wanke, kada a buga kawunan da juna. A ɗaure goma-goma da ganyensu a rataye a inuwa mai iska, rumfa ko zaure, mako 2 zuwa 3. Ranar Maris tana dafa tafarnuwar da aka shanya a kan siminti ko kwano, salar su yi laushi kamar an turara. Idan wuya ya bushe ƙayau, a yanke ganye a bar santimita 3, a aske saiwa, ko a kitse ganyen a rataye haka nan.

A kwando ko buhun raga ake ajiyewa, ba a leda ko roba mai murfi ba. Da damina ta sauka danshi yakan yi yawa a Kaduna, a rataye ta sama inda iska take ratsawa, a riƙa dubawa duk mako biyu ana cire mai laushi, wake ɗaya ke ɓata gari. Manyan kawunan da suka fi kyau a ware su tun ranar girbi, a ɗaure daban, a gaya wa mutanen gida na iri ne kada su shiga tukunya. Ƙasar bokitan kuma a juye wa alayyafo ko latas, a haɗa sabuwa idan Oktoba ta zagayo.